John Kennedy: Shugaban da motsa jiki ya yi wa abin da tiyata huɗu ta kasa

A ranar 16 ga Mayun 1961, a harabar gidan Gwamna-Janar na Kanada da ke birnin Ottawa, aka miƙa wa Shugaban Amurka John Fitzgerald Kennedy shebur domin ya dasa itaciya, kamar yadda aka saba yi wa manyan baƙi. Ya sunkuya ya ɗebo ƙasa ya zuba, ya sake ɗebowa, masu ɗaukar hoto suna ta aikinsu. A cikin wannan sunkuyon ne ya ji wani abu ya soke shi a ƙugu. Ya daure, ya ci gaba da murmushi har aka watse. Ba a yi wata guda ba sai ga hotonsa a jaridu yana dogara sanduna biyu a hammata, ga kuma wani hoton ana ɗaga shi da na'urar ɗaga ma'aikata zuwa ƙofar jirgin shugaban ƙasa, saboda ba ya iya hawa matakala.

Shekararsa 43 a ranar da ya dasa itaciyar. Shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin waɗanda Amurkawa suka taɓa zaɓa su shugabance su, kuma da sunan ƙuruciya da kuzari ya ci zaɓe. Duniya ta san shi da rikicin makamai masu linzami na Kyuba, da alƙawarin kai mutum duniyar wata, da harbin da ya kashe shi a Dallas. Mutanen Yamai ma har gobe suna tsallaka Kogin Kwara ta kan gadar da aka sa wa sunansa. Sai dai akwai wani ɓangare na rayuwarsa da iyalinsa da muƙarrabansa suka daɗe suna rufewa: mutumin ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana fama da ciwon baya, irin wanda wata rana ba ya iya sunkuyawa ya sa safa ko ya ɗaure igiyar takalminsa.

Yaron da asibiti ya zame wa gida

An haife shi a ranar 29 ga Mayun 1917 a garin Brookline na Jihar Massachusetts, shi ne na biyu cikin 'ya'ya tara na attajiri Joseph Kennedy da matarsa Rose. Gida ne na gasa. Uban ba ya son jin labarin wanda ya zo na biyu, ko a wasan ƙwallo ko a tseren kwalekwale, kuma kukan ciwo ba abin da ake yabo ba ne a gidan. Jack, kamar yadda ake kiransa, ya tashi a matsayin mai laulayin gidan. Bai cika shekara uku ba wani zazzaɓi mai fesar da jajayen ƙuraje ya kusa ɗauke shi. A makarantar kwana ta Choate ciwon ciki da na hanji suka sa shi gaba, har aka kai shi Asibitin Mayo a 1934 aka yi ta gwaje-gwaje. Ya shiga Jami'ar Princeton a 1935, rashin lafiya ta fitar da shi cikin 'yan makonni, sai a shekara ta gaba ya koma Harvard.

A Harvard ne bayan ya fara. An fi danganta farkon ciwon da wani rauni da ya ji a wasan ƙwallon Amurka, wasan da ake karo da ƙarfi, wajen shekarar 1937. Zuwa 1940, shekarar da ya kammala digiri, ciwon ya zauna daram. Ya nemi shiga sojan ƙasa, likitoci suka mayar da shi saboda bayan. Mahaifinsa, wanda ya yi Jakadan Amurka a Birtaniya, ya bi ta hannun wani babban jami'i da ya sani, aka ɗauki ɗan nasa a sojan ruwa a 1941. Yawanci masu hali kan yi amfani da sanayya su kuɓutar da 'ya'yansu daga fagen daga, shi kuwa da sanayyar aka shigar da shi.

Bai tsaya a ofis ba. Ya nemi a ba shi ɗaya daga cikin ƙananan jiragen yaƙi masu gudu, waɗanda ke dukan igiyar ruwa kamar ana sukuwa a kan doki marar sirdi. Ga mai ciwon baya, da wuya a sami aikin da ya fi wannan muni. A daren 1 zuwa 2 ga Agustan 1943, a tsibiran Solomon, wani babban jirgin yaƙin Japan mai suna Amagiri ya bi ta kan jirginsa, PT-109, ya tsaga shi. Mutum biyu daga cikin 13 suka mutu nan take. Karon ya maka Kennedy da jikin jirgin ta baya. Duk da haka ya kama igiyar rigar ceton wani abokin aikinsa da ya ƙone, Patrick McMahon, da haƙoransa, ya yi iyo da shi na tsawon sa'o'i, sama da kilomita biyar, har wani ɗan tsibiri. Wasu 'yan asalin yankin su biyu, Biuku Gasa da Eroni Kumana, su suka kai saƙon da ya rubuta a jikin ɓawon kwakwa, aka zo aka cece su bayan kusan mako guda.

Wannan labari ya zame masa jari a siyasa, ya kuma zame masa mayafi. Daga nan duk wanda ya gan shi yana ɗingishi sai a ce raunin yaƙi ne, alhali ciwon ya girmi yaƙin.

Wuƙa ta farko, ta biyu, ta uku

Ƙasan bayan mutum ƙasusuwa biyar ne a jere, ɗaya a kan ɗaya, tsakanin kowane biyu akwai wani faifan guringuntsi mai taushi da ke hana su gogar juna. A wancan zamanin likitocin fiɗa sun ɗauki wannan faifai a matsayin babban mai laifi a ciwon baya: idan ya fashe ko ya zame ya danne jijiya, sai a buɗe a cire. A kan Kennedy likitoci sun rabu biyu, wasu na ganin faifan ne, wasu na ganin tsoka ce kawai ta wahala, kada a taɓa shi da wuƙa. Masu wuƙa suka yi rinjaye. A watan Yunin 1944, a wani asibiti a Boston, Dokta James Poppen ya yi masa tiyatar farko. Bai warke ba, ciwon ma ƙaruwa ya yi, tsokar bayan ta riƙa ɗaurewa har sai an ba shi magunguna masu ƙarfi. Yana jinyar ne labari ya zo a watan Agusta cewa wansa, Joseph ƙarami, wanda uban ke shirya wa siyasa, ya mutu a jirgin saman yaƙi da ya tarwatse a Ingila. Nauyin burin gidan ya dawo kan mai jinya.

A 1946 ya tsaya takarar Majalisar Wakilai. Ya bi unguwannin ma'aikata na Boston gida-gida, yana hawa benaye masu hawa uku da wannan bayan, rame kamar kara, fatarsa ta yi ɗorawa. Ya ci zaɓe. Shekara guda bayan haka ya faɗi rashin lafiya a Landan, inda aka gano yana da cutar Addison. Cuta ce da wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke zaune a saman ƙoda ke kasa samar da sinadaran da jiki ke buƙata domin jure wahala, rauni ko shigar ƙwayoyin cuta. Likitan da ya duba shi bai yi tsammanin zai ƙara shekara guda ba. Maganin kotizon da ya fara samuwa a wannan lokacin shi ya riƙe shi, kuma ya ci gaba da shan ire-irensa har ƙarshen rayuwarsa. Wannan ma an ɓoye, aka ce zazzaɓin cizon sauron da ya kwaso a yaƙi ne ya tashi.

A takarar Majalisar Dattawa ta 1952, inda ya kayar da Henry Cabot Lodge, abokan tafiyarsa sun ba da labarin yadda yake barin sandunansa a mota, ya shiga zauren taro a miƙe yana dariya, ya gama gaisawa da jama'a, ya dawo mota ya rufe ido don azaba. Ya auri Jacqueline Bouvier a watan Satumban 1953. Kafin auren ya shekara, sandunan sun zama abokan tafiyarsa na kullum, har a cikin ginin majalisa.

Sai aka kawo shawarar babbar tiyata: a haɗe ƙasusuwan ƙasan bayan da na ƙugu wuri guda da farantin ƙarfe, yadda ba za su ƙara motsi ba. Wasu likitocinsa sun ƙi amincewa, domin mai cutar Addison na iya mutuwa a irin wannan aiki. Mahaifinsa ma ya roƙe shi ya haƙura. Shi kuwa ya nuna gara ya mutu da ya ƙare rayuwarsa a kan sanduna. A ranar 21 ga Oktoban 1954 aka yi aikin a wani asibitin ƙashi da ke New York, ƙarƙashin Dokta Philip Wilson. Kwanaki kaɗan ƙwayoyin cuta suka shige shi, ya yi doguwar suma, aka kira limamin Katolika ya yi masa addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. Ya sha da ƙyar. Mikin ya ƙi rufewa, yana ta zubar da mugunya, matarsa ce ke wanke masa a gidan mahaifinsa da ke Florida. A watan Fabrairun 1955 aka sake buɗe shi aka cire ƙarfen. Bai koma majalisa ba sai watan Mayu. A wannan kwanciyar ne aka haɗa littafin da ya ci masa kyautar Pulitzer a 1957, da taimakon mai rubuta masa jawabi Ted Sorensen. A watan Satumban 1957 kuma wani ƙurji ya taso a wurin tsohon yankan, aka yi masa tiyata ta huɗu aka tsage shi.

Wato cikin tiyata huɗun nan, biyu na ƙarshe gyaran ɓarnar ta biyu ce. An gudu ba a tsira ba.

Zamanin allura

A watan Mayun 1955 aka kai shi wurin wata likita a New York, Dokta Janet Travell, wadda ta ƙware a kan ciwon tsoka. Ita ta duba abin da masu fiɗa ba su kula da shi ba. Ta gano ƙafarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama gajarta, ta sa aka ƙara wa takalmansa na hagu dunduniya. Ta lura yana samun sauƙi a kujera mai lilo da ke ofishinta, ta ba shi shawarar ya mallaki irinta, kuma wannan kujera ce daga baya ta zama tambarinsa a Fadar White House. Babban makaminta kuwa allura ce. Takan laluba wuraren da tsoka ta ɗaure ta yi ƙulli, ta zuba musu procaine, maganin kashe zafi irin wanda likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori. Cikin mintuna zafin ya lafa. Adalci ne a ce ta taimake shi, domin da waɗannan allurai ya iya zagaye Amurka yana neman shugabanci. Amma allura tana kashe zafi ne na ɗan lokaci, ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma a hankali ana ta ƙara yawanta. Tsakanin 1955 da 1957 an kwantar da shi a asibiti sau tara a asirce.

A lokacin neman tikitin jam'iyyar Democrat a 1960, mutanen Lyndon Johnson sun fito fili sun ce yana da cutar Addison. Ɓangarensa ya musanta da wata sanarwa da aka tsara da wayo. A muhawarar talabijin ta farko da Richard Nixon, a watan Satumba, Kennedy ne ya fito fes kamar ɗan wasa, Nixon kuwa da bai daɗe da fitowa daga asibiti ba saboda ciwon gwiwa ya fito a rame yana zufa. Masu kallo suka ɗauka sun ga mai lafiya da marar lafiya, ba su san sun juya lissafin ba. A wannan shekarar ce kuma ya fara karɓar allurar wani likita mai suna Max Jacobson, wanda ke haɗa wa manyan mutane da taurarin fim ruwan allura mai ɗauke da amfetamin, sinadarin ƙwayoyin sa kuzari da hana barci. Hukuma ta ƙwace lasisin Jacobson a 1975.

Haka ya shiga fadar a ranar 20 ga Janairun 1961, Travell ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin likitar shugaban ƙasa. Sai ga shebur ɗin Ottawa. Da wannan sabon ciwon ya tafi Faransa wurin de Gaulle, yana jiƙa jikinsa a ruwan zafi tsakanin taro da taro, ya wuce birnin Vienna inda Nikita Khrushchev na Tarayyar Sobiyet ya yi masa tatas a ganawarsu ta farkon watan Yuni. Jacobson na cikin tafiyar. Lokacin da Firayim Ministan Najeriya Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ziyarci Washington a watan Yuli, mai masaukinsa bai daɗe da ajiye sanduna a bainar jama'a ba. A cikin gida kuwa allurar Travell ta kai har sau biyu ko uku a rana.

Likita mai hawan duwatsu

Wannan ya tayar da hankalin wasu likitoci biyu, George Burkley na sojan ruwa da ke aiki a fadar, da Eugene Cohen mai kula da cutarsa ta Addison. Suka matsa sai an kira wani mutum daga New York, Dokta Hans Kraus.

Kraus haifaffen Trieste ne a 1905, ya yi karatun likita a Vienna, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1938. Gwanin hawan duwatsu ne, har yau masu wannan wasa suna bin hanyoyin da ya fara buɗewa a duwatsun Shawangunk na Jihar New York. Tun yana matashin likita ya koyi wani abu daga wani mai horar da 'yan wasa da ya yi aiki da masu wasan nuna ƙarfi da tsalle-tsalle: waɗannan mutane idan suka yi targaɗe ba sa kwanciya, sukan kashe zafin wurin su ci gaba da motsa gaɓar a hankali, kuma sun fi saurin warkewa. Ya gwada a kan majinyatansa ya ga haka ne. A zamanin da maganin ciwon baya shi ne kwanciya ta makonni da ɗamara da wuƙa, shi ya tsaya a kan cewa mafi yawan ciwon baya daga tsoka yake: ko ta yi rauni, ko ta sandare, ko ta ɗaure saboda damuwa.

Shi da abokiyar aikinsa Dokta Sonja Weber suka fitar da gwaji mai matakai shida, wanda ba ya buƙatar na'ura. Mutum ya kwanta rigingine ya tashi zaune ba tare da dafa ƙasa ba, ƙafafu a miƙe, sannan gwiwa a lanƙwashe. Ya ɗaga ƙafafunsa ya riƙe na daƙiƙa goma. Ya kwanta rubda ciki ya ɗaga ƙirji, sannan ya ɗaga ƙafafu. A ƙarshe ya tsaya ya sunkuya ya taɓa ƙasa da yatsu ba tare da lanƙwasa gwiwa ba. Da aka yi wa yaran Amurka sama da 4,000 wannan gwaji a farkon shekarun 1950, kashi 57.9 cikin ɗari suka faɗi aƙalla mataki ɗaya, yayin da a cikin yaran Turai kashi 8.7 ne kacal suka faɗi. Sakamakon ya girgiza Shugaba Eisenhower har ya kafa majalisar kula da ƙarfin jikin matasa a 1956. Abin mamaki, Kennedy da kansa ya kafa hujja da waɗannan alƙaluma a wata maƙala da ya buga a mujallar Sports Illustrated a watan Disamban 1960, yana kukan cewa Amurkawa sun zama ragwaye.

A watan Oktoban 1961 mai gwajin ya zo ya gwada mai maƙalar. Shugaban bai iya tashi zaune daga kwance ko sau ɗaya ba. Tsokar cikinsa ta mutu murus, ta bayan cinyoyinsa ta sandare, yatsunsa ba sa zuwa ko kusa da ƙasa. Kraus bai yi masa kara ba. Ya shaida masa idan aka ci gaba a haka, keken guragu ne makomarsa, kuma ba da daɗewa ba. Ya kuma gindaya sharaɗi: shi kaɗai zai riƙa yanke hukunci a kan bayan, kuma shugaban zai ba da lokaci komai yawan aiki. Kennedy ya amince.

Hujjar Kraus mai sauƙin fahimta ce. Ƙashin baya kamar sandar tsakiyar tanti yake, igiyoyin da ke riƙe da shi ta kowane gefe su ne tsokar ciki, ta baya da ta ɗuwawu. Mai ciwo yakan ji tsoron motsi, sai ya daina. Tsokar da ba a aiki da ita sai ta shanye, nauyi ya koma kan ƙashi da jijiyoyi, zafi ya ƙaru, tsoron ma ya ƙaru. Ɗamarar da ake ɗaurawa ta karɓe aikin tsokar ciki, sai ta ƙara lalacewa. Allura kuma ta rufe bakin ƙararrawar. Kennedy ya shafe shekara ashirin yana zagaya wannan da'ira, ga yanka huɗu da suka bar tabo a cikin tsokar kanta.

Aka gyara wani ɗan ɗaki kusa da wurin ninƙaya na fadar aka sa kayan motsa jiki. Wurin ninƙayar tun zamanin Franklin Roosevelt aka gina shi, kuma a kansa ne ɗakin da ake yi wa 'yan jarida bayani yake a yau. Kennedy kan yi iyo a ruwan ɗumi kafin abincin rana da kuma da yamma. Aƙalla sau uku a mako kuma ya kwanta a kan tabarmar atisaye ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya na sojan ruwa, Kraus na zuwa daga New York yana dubawa. Tsarin Kraus ba na gaggawa ba ne. Ana farawa da sakin jiki da numfashi, sai motsi mai sauƙi na sassauta gaɓoɓi, sai miƙar da tsokar da ta sandare da ƙarfafa wadda ta yi rauni, sannan a dawo da baya a bi matakan har a ƙare da sakin jiki. Ana haɗawa da tausa da gashi. Ba a ƙara sabon motsi sai jiki ya karɓi na baya. Babu wani abin burgewa a ciki, kuma ina jin wannan ne ya sa aka daɗe ba a kai gare shi ba: mai kuɗi da mulki yakan zaci maganinsa dole ya zama mai tsada.

Cikin 'yan watanni aka ga canji. Ya fara tashi zaune da kansa, yana hawa matakala ba tare da an tallafe shi ba. Aka rage allurar Travell ƙwarai, aka janye ta daga kula da bayan duk da an bar mata muƙaminta na wani lokaci, daga baya Burkley ya zama likitan shugaban. Kraus ya kuma yi fito-na-fito da allurar Jacobson, har ya gargaɗi shugaban cewa idan ya ƙara karɓa zai tona, domin bai kamata mutumin da makaman nukiliya ke hannunsa ya riƙa shan irin wannan ba. A kwanaki 13 na rikicin Kyuba a watan Oktoban 1962, Kennedy ya yi ta zaman taro na sa'o'i, kuma bayansa ya fi na lokacin Vienna nesa ba kusa ba. A bazarar 1963 ya koma wasan golf da ya daɗe da bari, yana ɗaukar ƙaramin ɗansa John yana cilla shi sama. Bai warke sarai ba, ciwon kan waiwaye shi, kuma cutar Addison da ta hanji suna nan. Amma masu nazarin tarihin lafiyarsa sun yarda cewa tun samartakarsa bai sami sauƙin baya irin na waɗannan shekaru biyu ba.

Sai a 2002 aka bai wa masanin tarihi Robert Dallek damar duba takardun asibitinsa, daga nan duniya ta san girman abin da aka ɓoye. Dallek ya karkata ga cewa magungunan kotizon ne suka cinye masa ƙashi. A 2017 wasu likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa da laka na Arkansas, Glenn Pait da Justin Dowdy, suka sake duba hotunan ƙashinsa, suka ce ba su ga irin karayar da zaizayar ƙashi ke haifarwa ba. A ganinsu dalilan ciwon da yawa ne suka taru, kuma tiyatar farko ce ta buɗe ƙofar sauran. Ilimin likitanci ma ya biyo sawun Kraus a babban batu, ko da yake bai karɓi duk bayaninsa ba. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamban 2023 kan ciwon ƙasan baya da ya wuce wata uku ba tare da wata cuta ta daban a ƙarƙashinsa ba, tsararren motsa jiki na cikin abubuwan da ta ba da shawarar a yi, ɗamarar baya da magungunan kashe zafi masu sa maye kuma na cikin waɗanda ta ce a guje musu. Hukumar ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020.

Ɗamarar da ta rage

Abu ɗaya Kraus bai samu ya raba shi da shi ba: ɗamarar. Wata riga ce ta yadi mai kauri da ƙarafa a ciki, ana ɗaure ta da igiya tun daga ƙugu zuwa ciki. Kennedy ya saba da ita shekara da shekaru, yana jin kamar idan babu ita zai karye. A ƙarshen bazarar 1963 ya ji ciwo a matsematsinsa, sai ya ƙara ƙanƙame ta, har yana naɗa bandeji mai talewa a kanta. Susan Schwartz, wadda ta rubuta tarihin Kraus, ta ruwaito cewa likitan da shugaban sun shirya za a ajiye ɗamarar a farkon 1964.

A ranar 22 ga Nuwamban 1963, da ƙarfe 12:30 na rana, yana zaune a bayan buɗaɗɗiyar mota a birnin Dallas, harsashi ya shiga ta saman bayansa ya fita ta maƙogwaro. Gwamnan Texas John Connally da ke gabansa, wanda shi ma aka harba, ya zube jikin matarsa. Kennedy ya kasance a zaune, ya ɗan karkata kaɗan, har bayan kusan daƙiƙa biyar harsashi na gaba ya same shi a kai. Likitoci da dama, ciki har da Pait da Dowdy, suna ganin mai yiwuwa ɗamarar ce ta hana shi zubewa ƙasa ya kauce wa harbin da ya kashe shi. Hasashe ne, domin raunin farkon ma ba ƙarami ba ne.

A Asibitin Parkland, da ma'aikatan jinya suka yanke tufafinsa, sun tarar da ɗamarar ɗaure tamau, an naɗe ta da bandeji an zagayo da shi ta tsakanin cinyoyinsa. Da ƙarfe ɗaya na rana aka tabbatar da mutuwarsa, yana da shekara 46. Kraus ya koma ɗakin duba majinyatansa a New York. A shekarun 1970 ƙungiyar YMCA ta ɗauki tsarin motsa jikinsa ta riƙa koyar da shi ga dubban masu ciwon baya a rassanta, shi kuma ya rasu a watan Maris na 1996 yana da shekara 90.